Buhun Taki Da Wayar Salula: Yadda Gwamnati Da Kamfanoni Suka Yi Ta Neman Hanyar Gonarmu

   Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, domin zancenmu na yau kusan a ƙofar gidanku ya faro.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin takin zamani, da yadda gwamnati ke sayo shi, da yadda ta taɓa haɗa kai da wani kamfani don a raba shi ta wayar salula. Na san wata za ta ce, to ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, me ya haɗa ni da taki? Kada ki yi saurin faɗin haka, 'yar'uwa. Tiyar masarar da kike aika yaro ya awo, da gyaɗar da kike yin ƙuli da ita, da shinkafar da kike turarawa ki sayar, dukkansu daga gona farashinsu ke tasowa. In taki ya yi tsada bana, tukunyarki ce za ta ji a jikinta baɗi. Ban da wannan ma, da yawa daga cikinmu muna da gonar gado ko 'yar gayauna, wadda ɗa ko ƙane ko ɗan ƙwadago ke noma mana. Ashe kuwa zancen namu ne.

Bari mu fara da abin da ake nufi da sayayyar gwamnati. Idan kika ba yaro kuɗi ya yo miki cefane, abu uku kike dubawa in ya dawo: ko abin da kika ce shi ya sayo, ko a kan farashin gaskiya ya saya, kuma ko ya kawo kafin lokacin ɗora tukunya ya wuce. To ita ma gwamnati aike take yi. Ba ta da kantin kanta, sai dai ta ba ɗan kasuwa ko kamfani kwangila ya kawo mata magani ko kujerun makaranta ko taki. Bambancin kawai shi ne kuɗin cefanen nata na jama'a ne, naki ne, nawa ne, kuma masu kuɗin ba sa wurin a lokacin da ɗan aiken ya dawo. Duk tarihin da za ku ji yau a kan wannan matsala ɗaya yake yawo: wa zai ƙirga canji?

Haɗin gwiwar hukuma da kamfani a harkar noma ba baƙo ba ne a kudancin Katsina. A zamanin Turawa akwai kamfanin auduga na BCGA, wanda masu masaƙu na birnin Manchesta ta ƙasar Ingila suka kafa a 1902 don su sami audugar da za su ciyar da injinansu. Kamfanin ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, yana kwashe dilolin auduga zuwa bakin teku. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka buɗe gonar gwaji inda ake yaɗa irin auduga. Tsarin kuwa shi ne a raba wa manoma angurya kyauta ta hannun En'e da dagatai da masu unguwanni, su shuka, sa'an nan su kai audugar kasuwar da hukuma ta amince da ita, a saya a kan farashin da aka yanke tun daga sama. Manomi ya sami iri, ya sami kuɗin haraji da na sutura, amma ba shi da baki a cikin yarjejeniyar. Iyayenmu mata masu kaɗi da mazari su ma sun ji a jikinsu, don audugar da za su saya su yi zare ita ce kamfani ke neman kwashewa.

A wancan lokaci takin da aka sani shi ne na gida, kuma rabinsa daga hannun mata yake fitowa: kashin awaki da tumakin da muke kiwo a tsakar gida, da tokar murhu, da sharar da muke tarawa, a loda a mangala jaki ya kai gona da rani. Wanda ya fi ƙarfi ya yi yarjejeniya da Fulani su zauna masa a gona da shanu. Tun wajen shekarun 1950 malaman gona suka fara nuna wa mutane takin Bature, amma mutane ba su rungume shi da sauri ba.

Abin da ya sauya al'amari a wannan yanki shi ne shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya. Shirye-shirye uku aka fara da su a duk faɗin Nijeriya, na Funtuwa da na Gusau da na Gwambe, kuma na Funtuwa ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. A lokacin ana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai a ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Shirin ya yi hanyoyin karkara, ya gina madatsun ruwa, ya buɗe cibiyoyin sayar da kayan noma kusa da ƙauyuka. Ya kuma yaɗa sabon irin masara mai yawan yabanya in ta sami taki. Tsofaffin cikinmu za su tuna lokacin da masara abin gasawa ce kawai a bayan gida, tuwo kuwa na dawa ne da gero. Daga wannan zamani masara ta shiga rumbu ta zauna, har yankin nan ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan ƙasa, manyan motoci na ta jigila daga kasuwannin Ɗandume da Sheme. Sai dai masara ba dawa ba ce, ba ta da haƙurin yunwa. Tun daga ranar da muka koma tuwon masara, muka ɗaura cikinmu a jikin buhun kamfa da yuriya. Tun a lokacin ma masana sun yi ta ƙorafin cewa manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyar shirin.

A 1976, shekarar da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, gwamnatin tarayya ta karɓe sayen taki gaba ɗaya ta mayar da shi hannun wani sashe na ma'aikatar gona. Kuɗin man fetur na shigowa, saboda haka gwamnati na biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin buhu, wani lokaci ma fiye, manomi ya cika sauran. Aka gina masana'antar takin supa a Kaduna, daga baya a ƙarshen shekarun 1980 aka gina ta yuriya, wato NAFCON, a Onne kusa da Fatakwal. Niyya mai kyau ce. Amma ku biyo ni mu raka buhu ɗaya mu ga tafiyarsa. Ɗan kwangila ya shigo da shi ta tashar jirgin ruwa, wani ɗan kwangilar ya ɗauko shi a tirela zuwa sito na jiha, daga jiha a ba ƙaramar hukuma, daga nan a ba kwamiti, kwamiti ya raba wa mazaɓu. A kowane zango akwai mai riƙe da biro, kuma buhun da aka sayar wa mai takarda da arha yana da wani farashin mai tsoka a kasuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardar kaso ta zama haja, mutumin da ko fartanya bai taɓa riƙewa ba ya sami tirela guda ya sayar a tsaye. Wani takin ya tsallaka iyaka zuwa maƙwabta. Wani ya iso ƙauye bayan masara ta yi goyo, lokacin da ba shi da sauran amfani. Sau da yawa a tara mutum biyar ko goma a kan buhu ɗaya, a raba da kwano.

Da abin ya gagara, a 1997 gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye tallafin ta ce 'yan kasuwa su ci gaba da shigo da taki. Sai dai 'yan kasuwar ba su shirya ba, don shekara ashirin gwamnati ta hana su koyon sana'ar. Taki ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, yawan wanda manoma ke zubawa ya faɗi warwas. A 1999 aka dawo da tallafin tarayya na kashi 25 cikin 100, jihohi na ƙara nasu a kai, aka kuma koma tsohuwar hanyar rabo da tsofaffin cututtukanta. Ga shi an gwada gwamnati ita kaɗai, an gwada kasuwa ita kaɗai, kowanne ya bar ƙaramin manomi a rana. A taron shugabannin Afirka kan taki da aka yi a Abuja a watan Yuni na 2006, an bayyana cewa manomin Afirka kudu da Sahara kimanin kilo 8 kawai yake zubawa a kadada ɗaya, aka ɗauki alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015.

Ana cikin haka sai abubuwa biyu suka faru waɗanda da farko babu wanda ya haɗa su da gona. Na farko shi ne zuwan wayar salula. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin waya a bainar jama'a, kowa na gani, lasisi ɗaya ya tashi a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Kafin nan layukan wayar da ke duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Da farko layi ɗaya ya kai naira 20,000, sai masu hali, amma cikin shekara goma waya ta shiga ƙauye, har mai kulle ta iya gaisawa da mahaifiyarta ba tare da ta jira ranar unguwa ba.

Na biyu shi ne dokar sayayyar gwamnati. A watan Yuni na 2007, kwanaki kaɗan da hawansa mulki, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar kula da bayar da kwangiloli ta tarayya, wato BPP. Dokar ta ce babbar kwangila sai an yi shelarta a jaridu, masu so su kawo farashinsu a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙin farashi. Wannan doka ta tarayya ce, jihohi da dama kuma sun yi tasu daga baya. Doka ba ta hana ɓarna ita kaɗai, amma ta ba talaka abin kafa hujja: kwangila ba sirrin ofis ba ce.

To a 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa Dakta Akinwumi Adesina ministan gona. Shi ne ya fito ya faɗa wa duniya cewa, a lissafin ma'aikatarsa, kashi 11 cikin 100 kacal na manoma ke samun takin da gwamnati ke kashe biliyoyi a kansa. Ya ce daga yanzu gwamnati ta daina saye da rabon taki da hannunta. A damina ta 2012 aka fara sabon shiri da aka fi sani da GES, kuma aka ɗauko wani kamfanin fasahar waya mai suna Cellulant, wanda wani ɗan Kenya da wani ɗan Nijeriya suka kafa, aka ba shi aikin gina abin da za mu iya kira lalitar waya.

Ga yadda abin yake. Ma'aikata su zo mazaɓa su yi wa manomi rajista, a rubuta sunansa da ƙauyensa da lambar wayarsa da abin da yake nomawa, a shigar a kwamfuta. In damina ta kusa, sai saƙon tes ya shigo wayarsa yana gaya masa cewa kasonsa ya fito, ya je cibiya kaza. A cibiyar akwai dillalin taki, ɗan kasuwa ne da ya kawo kayansa da jarinsa ko da rancen banki. Manomi ya nuna saƙo da katin shaida, ya biya rabin kuɗi, ya ɗauki buhu biyu masu kilo 50, ɗaya kamfa ɗaya yuriya, a haɗa masa da ingantaccen irin masara ko shinkafa kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗaya rabin kuwa, gwamnatin tarayya ta biya kashi 25, ta jiha ta biya kashi 25, amma sai bayan na'ura ta tabbatar cewa manomi kaza ya karɓa, sa'an nan a biya dillali ta Babban Bankin Nijeriya. A shekarun farko abin da manomi ke biya a kan buhu biyun bai wuce kuɗin buhu ɗaya a kasuwa ba, wato wajen naira 5,500 zuwa 6,000.

Ku lura da hikimar da ke ciki, 'yan'uwa. Da can kuɗi ne ke fita tukuna, sa'an nan a yi fatan taki ya iso. A sabon tsari taki ne ke isa hannun manomi tukuna, sa'an nan kuɗi ya fita. Kamar ki ce wa mai kayan miya ya kawo har gida, ki gani da idonki, kana ki biya. Kowa da aikinsa: gwamnati ta sa kuɗi da doka, kamfanin taki ya sarrafa, dillali ya kai ƙauye, banki ya ba da rance, kamfanin fasaha ya riƙe lissafi. Gwamnati ta ce cikin shekara biyu zuwa uku an yi wa manoma fiye da miliyan 10 rajista. Mutane da yawa a karkara a lokacin suka fara ɗaukar buhu cikakke da sunansu, ba tare da sun durƙusa wa kowa ba. Shagunan taki da iri suka ƙaru a garuruwa. Wasu ƙasashe suka zo koyo, shi kuma Adesina ya zama shugaban Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025, ya kuma sami babbar lambar yabo ta duniya kan abinci a 2017.

Amma tarihi ba ya cika sai an faɗi inda aka yi tuntuɓe, kuma a nan ne zancen ya fi shafarmu. Tuntuɓe na farko shi ne sabis. Ƙauyuka da yawa, musamman na bakin daji irin na Faskari da Sabuwa, sai an hau tudu ko an je gari ake samun waya ta shiga. Saƙo ya makara, ko ya zo da Turanci mai waya ya goge shi bai san ko na mene ne ba, ko waya ta mutu babu caji. A cibiyoyi da dama sai da aka koma duba suna a takarda, ga shi kuwa takarda ita aka gudo. Don maganin wannan ne aka gwada wani kati a Jihar Sakkwato da yankin Abuja wajen 2014, wanda ake taɓa shi a jikin na'ura ya yi aiki ko babu sabis, amma bai game ƙasa ba.

Na biyu, ɓarawo ma yana koyon zamani. An sami sunayen bogi a rajista. An sami masu tsayawa a bakin cibiya su ba talakan da ba shi da rabin kuɗin 'yan canji, su karɓe buhunansa su mayar kasuwa. Kuma buhu biyu ba sa isar mai gona babba.

Na uku shi ne namu. Na'ura ba ta san kowa ba sai wanda aka rubuta. Ranar rajista maza ne ke dandali, mace tana cikin gida. Mai rajista ya tambayi maigida, ya rubuta maigida, ya wuce. Gonar da ta gada daga mahaifinta, wadda shari'ar Musulunci ta ce tata ce ita kaɗai, ba ta shiga lissafi ba. Wadda aka rubuta ma, sau da yawa lambar miji ko ta ɗa aka sa, don ita ba ta da waya ko layin ba da sunanta yake ba. Bazawara da gwauruwa mai riƙon marayu, waɗanda suka fi kowa bukata, su suka fi saurin faɗuwa ta wannan rami. Gwamnati ta san da matsalar, har a farkon 2013 aka yi ta zancen samar wa manoma wayoyi miliyan 10, aka ce rabi na mata ne. Zancen ya jawo hayaniya a jaridu a kan kuɗin da za a kashe, minista ya musanta cewa naira biliyan 60 za a zuba, daga nan maganar ta bi ruwa.

Na huɗu shi ne wanda ya karya ƙashin bayan shirin, wato bashi. Dillalai sun ba da taki sun karɓi rabi, suna jiran ɗaya rabin. Da farashin man fetur ya faɗi a ƙarshen 2014, aljihun gwamnati ya yi sanyi, wasu jihohi ba su biya kasonsu ba, bashin ya taru ya kai biliyoyin naira. Bankuna suka matsa wa dillalai, waɗansu jarinsu ya karye. Daga 2015 shirin ya fara tangal-tangal har ya lafa. Na'ura ta riƙe lissafi daidai, amma na'ura ba ta biyan bashi. Haɗin gwiwa kamar adashi ne, in uwar adashi ta ƙi zubi, sauran ma sai su watse.

Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ɗauki wata hanyar. A watan Disamba na 2016, a lokacin ziyarar Sarkin Maroko Muhammad na Shida, aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin OCP na ƙasar don ya kawo sinadarin fosfet da rangwame, a haɗa da yuriyar gida, a gauraya a masana'antun cikin ƙasa. Masana'antun haɗa taki da suka daɗe a rufe suka farfaɗo, aka yanke farashin buhu a kan naira 5,500. Wannan ma haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa, sai dai a bakin masana'anta aka sa tallafin, babu sunan manomi a ciki. Daga baya faɗuwar darajar naira da yaƙin Rasha da Yukren na 2022 suka tura farashi sama, har buhu ya ninka wancan kuɗi sau da yawa. Ba sai na gaya muku ba, kun gani a kwanon awo.

Akwai kuma darasin da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka koya da jikinsu. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, kuma waɗannan uku na ciki. Aka shafe watanni babu kira, babu saƙo, babu tura kuɗi. Masu sana'ar POS suka rufe, mai son gaida ɗansa da ke Kano ko Legas sai ya yi tafiya mai nisa. Da a ce rabon taki ko wani tallafi ya dogara ga saƙon waya kaɗai a wannan lokaci, da babu wanda zai samu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da manomanmu gonakinsu lafiya. Abin lura shi ne fasaha tana tafiya ne a kan zaman lafiya da hanya da wuta, kuma duk shirin da za a kawo wa karkara ya kamata ya kasance yana da ƙofa ta biyu.

To me za mu ɗauka daga wannan doguwar tafiya, tun daga anguryar Daudawa har zuwa saƙon tes? Abu ɗaya ne ya yi ta maimaituwa: rabo yana bin wanda aka rubuta sunansa. A zamanin takarda, mai biro ne ke zaɓar sunan. A zamanin waya, rajista ce ke zaɓa. Kuma tafiyar ba ta koma baya ba, don tun daga 2014 aka fito da lambar BVN ta banki, daga ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Yanzu kusan duk wani tallafi ko rance na hukuma, na noma ne ko na sana'a, waɗannan lambobi ake fara tambaya.

Saboda haka ga shawarata gare mu. Uwargida, ki zauna da maigida cikin ladabi da fahimta, ki nemi izni ki je ki yi katin ɗan ƙasa in ba ki da shi, ko a raka ki. Layin da ke wayarki ya zama da sunanki aka yi masa rajista, kada ki yi ta sauya shi, don da shi za a neme ki. In kina da gona, ko kadada ɗaya ce ko rabi, duk ranar da aka ji masu rajistar manoma sun shigo gari, a shigar da ke a matsayin mai gona, da lambarki. In saƙo ya shigo ba ki gane ba, kada ki goge, ki ba 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki. Amma ki kiyaye: lambar sirri ta katin banki ba a ba kowa, kuma duk wanda ya kira ya ce ki faɗa masa lambar da aka turo miki don a saka ki a tallafi, ɗan damfara ne, ki kashe wayarki. Masu ƙungiyar adashi ko ta Islamiyya, ku yi wa ƙungiyarku rajista a ƙaramar hukuma, ku zaɓi wakiliya mai baki da amana, don an fi jin muryar mutum ashirin a kan ta mutum ɗaya. Ku riƙa tambayar malaman gona, ku nemi a turo muku malama mace da za ta iya shigowa cikin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma iyayenmu maza da na san kuna saurare daga zaure, sunan matarka a rajista ba ragi ba ne gare ka. Buhun da ya shigo da sunanta a rumbun gidanka amfaninsa zai ƙare, 'ya'yanka ne za su ci.

Ga shugabanninmu da kamfanonin da suke ɗauka aiki, roƙonmu kaɗan ne. In za a ba da kwangila, a yi shela kowa ya ji nawa ne kuma wa aka ba. In za a yi rajista, a turo mata ma'aikata su shiga gidaje. A turo saƙo da Hausa, a kuma faɗa a rediyo. A kawo taki kafin shuka. A biya ɗan kasuwa haƙƙinsa a kan lokaci, shi kuma ya kawo kaya mai kyau ba gauraye da yashi ba, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubuta lissafi da bayyana shi ba baƙon abu ba ne a addininmu, kuma dukiyar jama'a amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita.

Kafin nan, kada mu raina takin tsakar gidanmu. Tokar nan da kashin awakin nan har gobe suna gyara ƙasa, kuma malaman gona sun tabbatar cewa takin zamani ya fi yin aiki a gonar da ta sha na gargajiya. Shi dai wannan babu ɗan kwangila tsakaninki da shi.

Iyayena da 'yan'uwana, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciyarta ta kan katanga, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya ba mu shugabanni masu tsoron Sa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.